Baba Rufus Mai Allurar Ciwon Barci

Kafin 'yan kasuwa su fito, Baba Rufus ya riga ya ɗora tukunya yana tafasa sirinjinsa na gilashi. Ba ya taɓa na roba, ya ce maganin narkar da shi yake yi. Daga nan sai ya zauna gindin mangwaron ƙaramin asibitinmu, mutane su jeru, yana laluba wuyansu, yana neman kaluluwar ciwon barci. Bana zai ajiye aiki.

Maganin nan guba ce, kuma bai taɓa ɓoye mana ba. Asinik ake ce mata. Ya ce a yaƙin duniya na biyu, can ƙasar Bama, inda ya yi jinyar sojoji, aka gaya musu Turawa sun taɓa mai da ita hayaƙin kashe mutane, suka kuma haɗa makarinta don tsoron juna. Bayan yaƙi aka haɗe gubar da makarin a kwalba ɗaya. Tana warkar da yawanci, tana kashe wasu.

Bara aka kawo ƙanwata Afiniki daga Fadan Kaje, tana barci da loma a hannu. Mu mutanen nan, in ba a yi mana allura ba, ba a yi mana magani ba. Mijinta Kumai ya ce a yi mata yanzu-yanzu. Baba ya dube ta, ƙashi da fata, ya ƙi. Ya ce sai ta ci ta yi ƙarfi, in ba haka ba gubar za ta riga ciwon kashe ta. Kumai ya hau faɗa, wai tsoho ya gaji da aiki, zai kai ta wajen mai allura a kasuwa.

"Kai ta, ɗana," in ji Baba. "Amma ka biya wajen kafinta ya auna mata akwatin gawa tukuna."

Kumai ya zauna. Mama Hellen, matar Baba, ta dinga dama kunun acca, ana tashin Afiniki ana ɗura mata. Sai da kumatu suka dawo aka yi allurar. Ta yi kuka, ta ce wuta ce ke bin jijiyarta. Baba bai bar gefenta ba har zazzaɓin ya sauka.

Kai ne ka riƙe guba shekara da shekaru, Baba, ba ka taɓa gaggawa da ita ba. Mun gode, Ubangiji ya saka maka. Ku matasa masu karɓar aikin, kafin ku koyi soka allura, ku koyi cewa a'a kamar shi.

Ranar Lahadin da ta wuce, Afiniki ce ta ja waƙar zumuntar mata a coci. Kumai ya yi gyangyaɗi lokacin wa'azi, ita ce ta tashe shi.