Shayin da ya kusa raba Inna da ƙafarta

Jiya ina fitowa daga kotu a Ƙanƙara, mai maganin da na kai ƙara ya sha gabana.

Shi ya sayar wa Innata garin shayi ranar kasuwa, ya rantse mata yana warkar da ciwon suga. Ta ajiye ƙwayoyin asibiti. Da ƙyar likitoci suka ceto ƙafarta.

"Hajiya, ki janye don Allah. Talla ce, kowa haka yake yi."

Na ce, "Malam, za ka ba mahaifiyarka ta sha?"

Ya sunkuyar da kai.

Ban janye ba, kuma ba zan janye ba.

Jama'a, ku leƙa ɗakunan tsofaffinku. Me suke sha ba ku sani ba? Ina jiran amsarku.