Kawu Mai Dalma da Ɗaurin Ƙafar Inna

Shekara shida na yi a waje ina nazarin roba mai ɗaukar wutar lantarki. Kowa ya san roba da tare wuta, shi ya sa ake naɗe waya da ita. Amma akwai wata iri da ake haɗawa a ɗakin gwaji, shuɗiya mai duhu, wadda wuta ke bi ta cikinta kamar ƙarfe. Ana shafa ta a gilashi ko a ƙyalle, ta tsaya a madadin tagulla cikin na'ura. A can mukan ce za ta sauƙaƙa wa talaka rayuwa. Na rubuta hakan da hannuna fiye da sau ɗaya, kuma ko a lokacin ban tabbata ba. Da na dawo gida, a kan teburin kawuna na fara cin karo da ita.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, 'yan layinsu na ce masa Mai Dalma. Tun yana da shekara goma sha biyar yake gyaran rediyo. Da talabijin ta shigo ya koya, da wayar hannu ta shigo ya sayi gilashin ƙara girma ya koyi nata. Shagonsa ɗaki ne guda a ƙarƙashin wani bene: teburi duk tabon ƙuna, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, da tsohuwar mita mai allura. Kafin ya buɗe na'ura sai ya fara shinshina ta. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wayar da ta tsinke, a kankare bakinta, a sa ƙarfe mai zafi, a ɗiga dalma. Da wannan ya raini 'ya'ya biyar.

Shekara uku da suka wuce matarsa, Inna, ta yi shanyewar ɓarin jiki. Magana ta dawo, hannu ya dawo, ƙafar hagu ce ta ƙi ɗagawa, yatsun sai jan ƙasa. Wasu likitoci baƙi suka ba ta wani ɗauri da ake sawa a ƙasan gwiwa, haɗe da ɗan akwati kamar na ashana. A cikin ɗaurin akwai faci biyu na robar nan. Duk takun da za ta yi, 'yar wuta za ta bi ta robar ta taɓa jijiya, ƙafar ta ɗaga. Da shi take shiga bayi da kanta, da shi take kai wa Kawu abincin rana shago, ta zauna a benci tana kushe masa aiki.

Ranar wata Talata da hantsi ya kira ni. Na same shi zaune, ɗaurin a gabansa, shagon na warin ƙonanniyar leda.

"Dakta, zo ki ga kayanku," ya ce. Haka yake kirana in yana son tsokana, amma ranar babu dariya a muryarsa.

Wayar faci ɗaya ce ta ɓalle daga jikin robar. Ya kankare, ya sa ƙarfe. Dalma ta ƙi kamawa, sai ya ƙara zafi. Robar ta takure ta yi baƙi, ƙyallen ya huje, ramin ya isa babban yatsa ya shiga.

"Kawu, wannan ba a sa mata wuta. Da wani man azurfa ake manna ta, a sanyi."

"To ina man?"

"Babu shi a nan. Ko da akwai, robar ta riga ta mutu."

"Ba ke ce kike haɗa ta ba? Uwarki ta cika mana kunne, 'yarta na haɗa roba mai wuta. Haɗa mana mu gani."

Na yi masa bayanin abin da ake bukata: ruwan sinadarin, injin shafawa, tanda mai auna zafi, ɗakin da ƙura ba ta shiga. Yana saurare yana kallon gwangwanayensa ɗaya bayan ɗaya, kamar zai ga wani abu daga ciki.

Muka gwada abin da za mu iya. Ya yanko tagulla siririya ya lafta a wurin. Na ce a'a, ƙarfe tara wutar yake wuri guda, kuma fatar Inna ba ta ji sosai, za ta ƙone ba ta sani ba. Ya ce a gwada a tasa ƙafar. Ya naɗe wando, muka ɗaura. Akwatin ya yi ƙara sau uku ya mutu, ya gane ba robarsa ba ce.

"Ka ji ɗan banza," in ji Kawu. "Har ya san mai shi."

Lambar da ke bayan akwatin ba ta shiga. A asibiti aka ce baƙin sun daɗe da tafiya, ba su bar wasu facin ba. Na rubuta wa abokan karatuna, ɗaya ta amsa cewa an daina yin wannan samfurin, amma za ta tambaya. Wata huɗu ke nan tana tambaya.

Yanzu Inna na zaune a kujera bakin ƙofar ɗaki. Kawu kan rufe shago sau uku a rana ya je ya kama ta zuwa bayi, masu kawo gyara sun fara wucewa gaba. Da na je gaishe ta, ta ce, "'Yar nan, ki ce wa kawunki ya daina kallona kamar rediyon da ya gagare shi." Ta yi dariya ita kaɗai. Shi yana tsaye riƙe da buta.

Ɗaurin na nan a shago, ya rataye shi a ƙusa sama da mita. Ran nan na tarar ya sauko da shi yana shafa facin da ya rage da bayan yatsa. Na daɗe ina riƙe da tambayar, sai ranar na yi ta.

"Kawu, da ka ɗauko ƙarfen, ba ka ga roba ce ba?"

"Na gani mana, makaho ne ni? Har na shinshina." Ya mayar da ɗaurin kan ƙusa. "Shekara arba'in duk abin da ya tsinke a gidanmu ni Inna take miƙo wa. Ta miƙo min, ta zauna a bencin nan tana jira ta sa ta koma gida. Me zan ce mata?"