Tsohuwar da ta Haddace Ƙwallon Kwando

Shekarar da na bi maigidana Alƙahira, mun kama ɗaki a wani tsohon bene a Hadayek el-Maadi, hawa na uku. Shi yana jami'a, ni kuma ina zuwa makarantar koyon Larabci da safe. A hawa na biyu akwai wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan. Ranar da muka tare ta ji ina faɗa wa maigidana ya yi hankali da tukunya, sai ta leƙo ta ƙofarta ta ce, "Wa nake ji yana Hausa?" Daga ranar na zama 'yarta, ita kuma na kira ta Inna.

Turaren wuta take haɗawa, matan unguwa suna saye, wani lokaci kuma a ɗauke ta ƙunshin amare. 'Yar ƙanwarta ce kaɗai take zaune da ita, ita ma aikin gida take yi a unguwar Mohandessin, sai daren Alhamis take dawowa. Ɗanta guda ɗaya tilo yana Amurka da matarsa da 'ya'yansa biyu. Lokacin da hanya ta buɗe musu mijinta yana kwance ba lafiya, ta ce ba inda za ta. Bayan ya rasu ta nemi bin su, aka ce ta jira. Har na same ta jiran take yi.

Da ta gane ina da kwamfuta, sai ta riƙa hawowa wurina duk Asabar bayan la'asar, lokacin da gari ya waye a can, mu kira su ta bidiyo. Takan zo da butar gahawarta, ta sha sabon mayafi kamar mai zuwa suna. Ɗan nata zai gaishe ta, matarsa ta gaishe ta, sannan a kira babbar jikarta, wadda Inna ta goya har ta kai shekara huɗu kafin a tafi da ita. Yanzu ta zama budurwa doguwa, tana aji na sama a sakandare. Za ta zauna ta ce, "Ina kwana, Haboba," yadda 'yan Sudan ke kiran kaka. Inna ta tambaye ta karatu, ta ce lafiya. Ta tambaye ta ko tana salla, ta ce e. Shi ke nan. Yarinyar ta kalli gefe, uban ya ce ta tafi.

In an kashe, Inna takan daɗe a zaune tana juya kofi a hannu. Wata rana ta ce, "Ba ƙina take yi ba. Ba ta da abin da za ta ce min ne."

Wata Asabar yarinyar ta bayyana da doguwar rigar wasa mai lamba, ta ɗaura ɗan ƙaramin hijabi, da ƙwallo a hammata. Uban ya ce an ɗauke ta a ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu, sauri take za ta fita. Ranar ce muka fara ganin haƙoranta. Bayan an kashe Inna ta juyo ta ce, "'Yar nan, mene ne wannan wasan?"

Ni ma ban sani ba sosai. Maigidana ƙwallon ƙafa kawai ya sani. Sai na nemo mata bidiyo muka kalla. Ta ga ƙarti suna tsalle suna rataya a jikin ƙarfe, ta ce waɗannan iyayensu sun sha wahalar ciyar da su. Ta tambayi mutum nawa ne a kowane ɓangare, na ce biyar. Ta tambayi me ya sa wannan ya tsaya shi kaɗai yana jefawa kowa ya zuba masa ido, na bincika na faɗa mata. Da muka gama ta ce, "Abin da ta sani ba shi nake so ba. Nemo min wanda ita ma ba ta sani ba."

Asabar ta gaba, bayan gaisuwa, Inna ta gyara zama ta ce wa ɗanta, "Tambaye ta, me ya sa ake ce masa kwando, alhali raga ce mai huji?"

Uban ya fassara. Yarinyar ta ɗaga kafaɗa. Inna ta ce, "To faɗa mata, farkon fari kwandon 'ya'yan itace aka rataye, gindinsa a rufe. Duk wanda ya ci, sai an kawo tsani an hau an ciro ƙwallon."

Yarinyar ta kalli ubanta ta kalli kakarta, sai ta fashe da dariya. Ta kira uwarta daga kicin ta ba ta labari. Ranar ba ta tashi ba sai da uban ya ce zai makara aiki.

Haka muka shiga. Laraba da yamma Inna ta hawo, ni in karanta da Turanci in mayar mata Hausa, ita ta haddace. Ba ta iya boko ba, amma mace ce da ta riƙe izu mai yawa a ka, in ta ji abu sau biyu ya zauna. Sunayen 'yan wasan ne suka gagare ta, sai ta raɗa musu nata. Akwai wanda ya ci maki ɗari shi kaɗai a wasa guda, shi ne Mai Ɗari. Akwai wani ɗan guntu da ya yi shekaru yana wasa a tsakanin dogaye, shi ta fi so, takan ce masa Autan Gida. Da ta ji akwai waɗanda suke buga wasa da azumi a bakinsu, ta sa musu albarka kamar tana ganinsu. Yarinyar ta koyi waɗannan sunaye, har ita ma ta riƙa amfani da su. Ta fara kawo nata tambayoyin. In Inna ba ta sani ba sai ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ki ba ni mako."

Da aikin uban ya koma sassafe ranar Asabar, sai ya zama babu tafinta sai ni. Yarinyar ta faɗa da Turanci, ni in juya. Wata rana ta fara wata magana da Hausa ta maƙale, na buɗe baki zan taimaka, Inna ta dafa min gwiwa ta ƙarƙashin tebur. Na fasa. Yarinyar ta yi ta lalube, ta haɗa da Larabci, ta haɗa da hannu, har ta kai ƙarshe. Abin da take son cewa shi ne ta ci maki takwas jiya. Inna ta ce, "Tamam. Sauran casa'in da biyu ki kamo Mai Ɗari."

Ƙanenta, wanda aka haifa a can, ya ga ana dariya ba da shi ba, sai ya fara kutso kai yana cewa shi ma a tambaye shi. Shi besbol yake bugawa, wasan da ake jefo ƙaramar ƙwallo mutum ya doke ta da kulki ya ruga. Wannan kam ya ba mu wahala. Mun kalla mun sake kallo, ba mu gane wa ke cin wa ba. A cikin karatun na ci karo da cewa akwai wanda ya fi kowa sata a tarihin wasan, kuma ana girmama shi a kan haka. Inna ta ajiye kofinta.

"Sata kuma? Me yake sata?"

Na ce, "Wurin tsayawa. In mai jifa ya yi sakaci, sai ya ruga ya kama na gaba."

"A gaban jama'a?"

"Har tafa masa suke yi."

Ta ce, "Khalas, shi ke nan, wannan ƙasar ban san abin da zan tarar ba." Amma ranar Asabar ita ce ta tambayi yaron ko ya san babban ɓarawon wasansu, ta kuma ja masa kunne cewa in zai yi, ya tsaya a fili kawai.

Mun fi shekara a haka. Lokacin zafi, da ɗauke wuta ya yi yawa, wani lokaci hoton yakan tsaya cak ana tsakiyar tambaya, Inna ta ci gaba da magana da fuskar da ba ta motsi har sai na ce mata an yanke.

Sai yarinyar ta faɗi a wasa, jijiyar gwiwarta ta tsinke. Aka yi mata aiki. Asabar ta zo uwar ta ce tana barci. Ta gaba ta ce ba ta jin daɗi. Ranar Laraba Inna ta hawo da wuri ta ce in nemo mata duk 'yan wasan da suka ji irin wannan ciwo suka dawo, maza da mata. Muka samo da dama. Ta haddace wanda ya yi shekara a kwance, da wadda aka yi wa aiki sau biyu ta koma ta ci kofi. Tana saukowa bene ina jin ta tana maimaitawa.

Sai bayan kusan wata guda yarinyar ta yarda ta zauna a gabanmu. Ta rame, ƙafar a miƙe a kan kujera. Inna ta fara, "Wace ce aka yi wa aiki a gwiwa har sau biyu, kuma..."

Yarinyar ta katse ta da Turanci, muryarta a sama. Ta yi magana mai tsawo. Inna ta kalle ni. Na so in rage, amma idonta bai bar ni ba. Na ce, "Ta ce ki bari. Ta ce kowa abin da yake faɗa mata ke nan, likita da malaminsu da babanta. Ta ce ita ba waɗannan mutanen ba ce, kuma ta gaji."

Na ɗauka Inna za ta ji haushi, don na san wahalar da ta sha. Ta ɗan sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Da ta ɗago sai ta ce da Hausa, a hankali yadda yarinyar za ta gane, "To na bari. Wa yake yi miki kitso yanzu?"

Yarinyar ta ce ba kowa. Ta janye hijabin ta nuna kan, duk ya cukurkuɗe. Inna ta ce da tana kusa da ta zaunar da ita a tsakanin ƙafafunta ta taje shi da karkar, man gashin nan na Sudan, kamar da, lokacin da sai an ba ta dabino take yarda a taɓa mata kai. Yarinyar ta ce ba ta tuna ba. Sai ta fara kuka, ba mai ƙarfi ba. Inna ta bar ta ta yi. Da ta share ido ta ce, "Haboba, ina ƙarama, yaya nake?"

Na tashi na shiga kicin na ɗora ruwan shayi, na daɗe a can. Ina jiyo Inna tana ba ta labarin gidan da suka zauna a Sudan, da akuyar da ta taɓa bin ta, da ranar da ta ɓata a kasuwa aka same ta tana barci a shagon mai gawayi.

Bayan wannan tambayoyin ba su ƙare ba, sai dai sun ragu. Wata Asabar a yi, wata a manta. Gwiwar ta warke amma ba ta koma yadda take ba, yarinyar ba ta sake shiga ƙungiya ba. Ta koma taimaka wa malaminsu da horar da ƙananan yara, kuma ta ce tana jin daɗinsa.

A bazarar da maigidana ya gama karatu, uban ya kawo yarinyar Alƙahira hutu. Ina tsaye a kan bene lokacin da suka iso. Sai da ta sunkuya kafin ta shiga ƙofar. Inna ta kama ta, kanta bai wuce ƙirjin yarinyar ba, ta yi ta shafa mata hannu tana kiran sunan Allah. Sati uku suka yi. An tanadar mata gado, ta ƙi, ta shimfiɗa katifa a ɗakin kakarta. Mu muka riga su barin gari. Ranar da na sauka sallama na tarar Inna ta ɗora ƙafar yarinyar a cinya tana sa mata lalle. Ta ba ni turare cikin kwalba, ta ce in gaishe da mahaifiyata, in kuma yafe mata gahawar da ta ɓata min tebur da ita.

Takardun tafiyar Inna ba su fito ba. A Alƙahira ta rasu, bayan mun dawo gida da shekara biyu, 'yar ƙanwarta tana kusa da ita. Jikar ce ta kira ni ta faɗa min, da Hausarta mai karyewa. Na yi mata gaisuwa, sai ta ce mutane suna ta zuwa gidansu suna faɗa mata irin wannan, ita kuma ba ta san abin da ake amsawa ba. Na faɗa mata. Ta maimaita, na gyara mata wuri ɗaya, ta sake maimaitawa.