Ginshiƙi na Uku

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, ni ne tafintan wani injiniya Bature da aka ba aikin gada a wajen Maradun. Ginshiƙai biyar za su ɗauke ta, kowanne sai an haƙa masa rami mai zurfin rijiya kafin a zuba kankare. Masu awo suka kafa turaku masu jan kai a inda kowane ginshiƙi zai tsaya. Na uku ya faɗa a gefen gonar kawuna, daidai kabarin matarsa, wadda ta rasu wata damina da gulbi ya cika, aka kasa kai ta maƙabarta.

Kawu bai yi gardama da kowa ba. A saninsa turke na jaki ne, in wuri bai yi ba sai a matsar da shi. Ya tumɓuke, ya yi taku uku gabas, ya kafa, ya shafe tsohon ramin da ƙafa. Na same shi yana karkaɗe hannu.

Ya ce, "Ɗana, mi taku ukku za su rage ma Bature? Ga gulbi nan har Bakura, ya ishe shi."

Na ce, "Kawu, ƙarafan da za a ɗora an riga an yanko su daga ƙasarsu. Ko ɗan yatsa ba sa ƙaruwa."

"To, kai dai ka yi shiru. Ita ta goye ka."

Kwana biyu injiniya yana leƙa na'urarsa, awo ya ƙi fita. Ya tara mu ya ce zai kori mai awon. Ba tausayin mai awo ya sa na yi magana ba. Ana neman shugaban leburori ne, ni kuma ina so. Na nuna ainihin wurin da tsinin takalmina, na faɗi wanda ya matsar da turken da kabarin da ya sa shi.

Injiniya ya yi dariya, ya ce in gaya wa tsoho gada ba ta kauce wa matattu. Na fassara daidai, ban rage komai ba.

Motar haƙa ta zo da hantsi. Abin da bakinta ya ɗago, Kawu ya tsince a cikin rigarsa, shi kaɗai, leburorina suna jira ya kauce.

Har ya rasu bai hau gadar nan ba, bai kuma ƙara ce mini ɗana ba. In mun haɗu a kasuwar Mafara, sai ya rusuna, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya ce, "Ranka ya daɗe."