Buzun da Ya Tsayar da Injin Shinkafa

Kwana tara na yi ina zarya daga Kwangila zuwa wani kamfanin casar shinkafa a Tudun Wada, kullum in koma gida kaina a ɗaure. Ni na haɗa musu na'urar da ke sarrafa injin, ni na rubuta mata umarni. Bakuna uku ne ake cika buhu a cikinsu, kowanne da ƙarfen da ake dannawa, injin kuma ba ya ɗaukar biyu lokaci guda. Sai na sa na'urar ta riƙa ƙirga: in ta ji an danna ɗaya ta bar injin ya yi aiki, in ya wuce ɗaya ta tsayar da komai. Ranar da na gama har wani ji da kai nake yi.

Sai injin ya tsiri tsayawa kullum bayan Azahar. Allon na'urar ya nuna an danna biyu, ma'aikata su rantse mutum ɗaya ne ke aiki. Kafin in iso babu komai, in tayar ya tashi lafiya lau. Na canja wayoyi, na kwance ƙarafan, na bi umarnin nan layi layi har idanuna suka yi ja. Wani ma'aikaci ya ce aljanu ne. Na yi dariya, amma a cikin keke sai da na yi addu'a.

Alhaji mai kamfanin ya kira ni ranar Laraba.

"Injiniya, zuwa Juma'a nake son amsa. In wani ne ke taɓa mini inji, ya bar nan. In kuma kai ne, ka tafi."

Ranar Alhamis na yi sallata da wuri na zauna a kan buhu ina kallo. Kowa ya tafi masallaci sai wani dattijo da ake ce wa Baba, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin. Ciwon gwiwa ya hana shi tafiya, a gefen injin yake salla. Da ya idar ya karkaɗe buzunsa, ya nemi inda ba ƙura, ya rataye shi a kan ƙarfen baki na uku. Buzun rago ne mai nauyi, ina gani ƙarfen ya sunkuya. Ma'aikata suka dawo, ɗaya ya danna ƙarfen baki na farko, injin ya mutu. Baba ya ce "To fa," ya sauke buzunsa, ya shimfiɗa, ya zauna jiran injiniya.

Na rasa abin yi, dariya ko kuka. Ashe na'urata ba ta taɓa yin ƙarya ba.

Na ari guduma na kafa ƙusa a bango, na ce, "Baba, nan ya fi tsabta." Ya yi ta sa mini albarka.

Ranar Juma'a Alhaji ya tambaye ni ko wane ne. Na dubi Baba yana ɗingishi da tsintsiya, na ji bakina ya ce, "Kuskurena ne, Alhaji, na gyara." Har yau ban san lokacin da na yanke wannan shawara ba.

"Kwana tara kana neman kuskurenka? Allah ya ba da sa'a a gaba."

Baba ne ya raka ni bakin titi, yana riƙe da jakar kayan aikina.

"Kada ka damu, ɗana," ya ce. "Ka dage, wata rana za ka iya aikin."