Fim Ɗin Zakuna

Ina jiran hotunana a shagon wanke hoto a Nairobi, ga wani dattijo tsaye gaban teburin fitila na duba hoto, kafaɗarsa ta karkace saboda jakar kyamara. Daga gani irinmu ne, masu ɗaukar namun daji don Turawa 'yan yawon buɗe ido.

Yana jera silaid, 'yan ƙananan hotunan fim, yana leƙawa. Zaki ya fito jajir, har gashin wuyansa kana iya ƙirgawa. Na ƙarshen wata tsohuwa ce zaune a gindin ayaba: ganye kore shar, zanenta na ɗaukar ido, fuskar kuwa baƙi ƙirin, ba ido ba baki.

"Moraa, 'yata, ba dama ya ɗan ƙara haske?"

Mai shagon ta girgiza kai. "Haba Baba, ka fi kowa sanin silaid ba ya gyaruwa. Fim ɗin zakuna ka sa mata, ba don baƙar fata aka yi shi ba. Koma ka sake ɗauka mana."

Sai ya rufe hoton da tafin hannu. Ina jin mahaifiyarsa ce, kuma babu wadda zai koma ya tarar.

Na sunkuyar da kai. Jakata ma irin fim ɗin ne fal, ga tsohuwata can a ƙauye.