Cinyar Barewar da Muka Kai wa Masu Daji

Da hantsin wata Asabar cikin watan Safar, a farkon shekarun dubu ɗaya da ɗari tara da hamsin, na fito daga unguwarmu ta Jarwal a Makka da faranti a ka, ina bin bayan Baba. A cikin farantin akwai cinyar barewa sukutum, an rufe ta da farin ƙyallen da Inna take ji da shi. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗe kwari da baka cikin tsohon bargo ya saɓa, yana taku kamar wanda za a naɗa sarauta. Lokacin ban fi shekara tara ba. Wuyana ya ƙage, amma ban yarda na sauke ba, don yaran layinmu duk sun fito kallo. Gaisuwa za mu kai wa mutanen da aka ce yanzu su ne masu dajin da Baba yake farauta.

Baba maharbi ne tun a gida, can gefen dajin Rugu, ɗan maharbi jikan maharbi. Da ƙafa suka taho shi da Inna ta ƙasar Sudan, suka yi shekaru a hanya, ni kuwa a Makka aka haife ni. A nan sai ya zama mai ɗaukar ruwa, gwangwani biyu a jikin sanda, daga bazan inda ake ɗiba zuwa benayen masu hali, har kafaɗarsa ta yi kanta. Cikin harami ba a taɓa naman daji. Tattabaru kan sauka tsakar gidanmu su ci dawar da Inna ta shanya, Baba yana zaune yana kallonsu, yatsunsa suna motsi. Inna sai ta yi dariya ta ce, "Maharbi ya zo garin da tattabara ta fi shi gata." Gidan namu na gwangwanayen kananzir ne da aka buɗe aka jera, da rana kamar tanda. Inna tana yi wa gidajen Larabawa daka, tana suyar gyaɗa, ni ina ƙulla ta in kai bakin hanya bayan an taso daga makarantar allo. Da la'asar mu yi carafke da gaɗa, in Baba ba ya nan kuma mu saci kan burtun da yake ɗaurawa a goshi don yaudarar namun daji, mu yi ta sanɗa muna tsorata awaki.

Amma in alhazai sun watse, aiki ya lafa, sai Baba ya ɗauki bakan da ya taho da shi tun daga gida, ya wuce fararen ginshiƙan da ke nuna iyakar harami, ya shiga wani wadi, wato fili tsakanin duwatsu, mai yawan itatuwan ƙaya. Wani lokaci ya dawo da zomo, wani lokaci hannu rabbana, jefi-jefi kuma da barewa. Ranar barewa gidanmu ba ya rabuwa da baƙi. A raba wa maƙwabta, tsofaffin da suka baro gida tuntuni su ɗanɗana romo su yi ta zancen garuruwansu har da ƙwalla. A ranar babu mai kiransa mai ruwa, Sarkin Baka ake ce masa. Wannan sunan ne yake riƙe da shi sauran kwanakin shekara, na san haka tun ina yarinya, don tafiyarsa ma canzawa take yi.

Sai aka wayi gari wasu 'yan kasuwa sun haɗa sharika, wato kamfani, ta itace da gawayi, wadin ya koma hannunsu. Aka ce sun sa masu gadi, kuma duk mai son farauta sai ya biya an ba shi tasrihi, wato izini. Masu biyan kuwa attajirai ne masu motoci da bindigogi. Inna ta ce masa, "In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Ka bari mu ji yadda abin yake." Baba ya ce babu wani abin ji. A can gida, in daji yana da mai shi, maharbi cinya yake kai masa, shi ke nan ya fita haƙƙi. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Ya ce kunya ce ma a ce daji ya samu sababbin masu shi bai je gaisuwa ba. Ya tafi ta bayan duwatsu yadda ya saba, babu mai gadin da ya gan shi, ya dawo da barewa.

Mun sami wakilin sharikar a rumbun gawayinsu, yana zaune kan kujera. Baba ya yi sallama, ya sa na ajiye farantin, ya kwance bargon ya shimfiɗa bakan don a san ko shi wane ne. Wani Bahaushe da ke auna gawayi a wurin ya yi tafinta, fuskarsa duk ta ɓaci tun kafin ya gama. Wakilin ya buɗe ƙyallen, ya tambayi inda aka samo. Baba ya faɗa da ƙarfinsa. Mutumin ya yi dariya har da tafi, ya kira yaransa su zo su ga wanda ya kawo kansa da shaidarsa a faranti. Tafintan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi mamnu'u ne, an hana. Ya ce baka ya zama nasu." Ina kallo aka ɗauke bakan aka jingina shi cikin buhunan gawayi. Da za mu fita wakilin ya ƙara magana. Ya ce baƙinsu suna biya suna yawo ba sa ganin komai. In Baba zai kai su inda bareyin suke shan ruwa, a mayar masa da bakansa.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu kamar an yi mutuwa. Baba ya tafi ɗaukar ruwa, ya dawo ya zauna yana fuskantar bango. Ƙusar da yake rataye bakan tana nan fayau, ni kaina ba na son kallonta. Inna ta ce ya haƙura, itace ne da tsarkiya. Ya ce da hannun ubansa aka sassaƙa shi. Ranar wata Alhamis motar sharikar ta tsaya a bakin layinmu, Baba ya shiga.

Ya dawo washegari da bakansa da nama himili guda, ladan aikinsa. Mu yara muka ci har muka yi nak, ni dai ban taɓa cin nama irin na ranar ba. Shi ko romo bai taɓa ba. Na ji yana gaya wa Inna cewa da mota ake bin bareyin har su faɗi don gajiya, a harbe manya da ƙanana, har masu ciki, wasu ma ba a tsaya ɗauka ba. Ya ce, "Shekara da shekaru ina zuwa bakin ruwan nan in ɗauki ɗaya in bar saura. Da yatsana na nuna su." Maƙwabta suka zo suna Sarkin Baka, Sarkin Baka, ya ce don Allah a daina. Ya mayar da bakan kan ƙusarsa, a nan tsarkiyar ta bushe ta tsinke da kanta. Ba a daɗe ba bareyin suka ƙare, itatuwan ma suka bi su cikin buhuna.

Yanzu in jikokina sun ɗauke ni a mota mun bi ta wajen, kwalta ce da gidaje da shaguna, babu mai gadi, babu mai neman izini, don babu abin da ya rage a hana. Su naman leda suka sani, Hausar ma sai na maimaita suke ganewa. Nakan ce a rage gudu, in leƙa ko zan ga itaciyar ƙaya ko ɗaya, su ɗauka jiri nake ji. An mayar wa Baba bakansa, amma dajin bai dawo ba.